Ina son in haɗa rediyon magana da ƙasashen waje da hannuna, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni mai gyaran wayar salula ne a Adum, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi. Na ga bidiyon wasu mutane da suke haɗa rediyo da hannunsu, suna magana da mutanen wasu ƙasashe ba intanet ba layin waya. Na iya aikin dalma, na san transista da kafasita. Har na samo zanen wata taransimitar FM mai wat 15, ina shirin haɗawa. Ta nan zan fara? Kayan suna samuwa a nan? Kuma babu matsala da hukuma?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Zanen nan na FM ka naɗe shi ka jefa a aljihun tebur. Ba shi ne abin da ka gani a bidiyo ba, kuma ba zai kai muryarka ko Konongo ba balle Ingila. Daga megahaz 88 zuwa 108 filin gidajen rediyo ne masu izini, kuma sigina a wannan wuri iyakarta kusan inda ido yake kaiwa daga saman eriya. Abin da ya fi damuna ma shi ne, daga 108 zuwa 137 na jiragen sama ne, wajen sauka da magana da hasumiya. Taransimitar da aka haɗa a ɗaki ba kayan awo takan fantsama sama da inda aka sa ta, kai kuma a Aboabo filin jirgi yana bayan gidanku. Wannan ba abin gwaji ba ne.

Mutanen da ka gani masu rediyon sha'awa ne, ana ce musu ham, kuma yawancin aikinsu na nesa a gajeren zango yake, inda iyayenmu suke kamo BBC da Muryar Amurka da Jamus. An yanka musu wurarensu daban, kowanne ana kiransa da tsawon zangon siginarsa a mita. A yankinmu, wanda ya haɗa Afirka da Turai, mita 40 tana daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, mita 20 daga 14.0 zuwa 14.35, mita 15 daga 21.0 zuwa 21.45, mita 10 kuwa daga 28.0 zuwa 29.7. Sigina a nan takan haura sama ta bugi wani sashe na iskar can ƙololuwa wanda hasken rana yake cajawa, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya Allah ya ba mu sa'a, domin mita 20 da 15 sukan daɗe a buɗe fiye da yadda suke yi wa mutanen arewacin Turai.

Batun hukuma ba shi da tsawo. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ita ke riƙe da iskar Gana, kuma dokar sadarwa ta 2008, mai lamba 775, ta hana amfani da ita ba izini. Ƙa'idar ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta ɗora wa kowace ƙasa ta tabbatar mutum ya san aikin kafin ta ba shi lasisi. Tun 2003 aka cire tilascin iya Mos, wato aika haruffa da gajere da dogon fito, daga wannan ƙa'ida, aka bar wa kowace ƙasa zaɓinta. Hukumar tana da ofishi a nan Kumasi, ka je da ƙafarka ka karɓi sharuɗɗan da ake aiki da su yanzu. In an ba ka, za ka sami lambar kira mai farawa da 9G, alamar Gana ke nan, kamar yadda 5N take ta Najeriya, 5U ta Nijar, 5V ta Togo, XT ta Burkina Faso. Ba a talla a wannan fili, ba a sa waƙa, ba a ɓoye ma'anar magana. Kafin takardar ta shigo hannunka kada ka cilla ko wat ɗaya a iska, har da 'yan oba-obar nan na Baofeng da suka cika kasuwa.

Wannan ba zai tsayar da kai ba, don dama ba da baki ake farawa ba, da kunne ne. Abin da za ka fara haɗawa risiba ce. Wanda ya haɗa risiba ta yi aiki ya riga ya koyi fiye da rabin taransimita, domin filta da mahaɗi da mai kaɗa sigina duk su ne a can ma. Wanda ya fara da taransimita kuwa ba shi da abin da zai ji kansa da shi, bai san ko yana fita ba, bai san ko kan wani ya hau ba.

Littattafan waje za su ce ka fara da rediyon kiristal, mai dayod ɗaya ba batir. A garuruwansu akwai manyan tashoshin matsakaicin zango a kusa. Mu tashoshinmu duk FM ne, kuma GBC da muke kamawa a da a kilohaz 4915 da 3366 ta daɗe da barin gajeren zango. Za ka haɗa daidai ka ji shiru, ka zaci hannunka ne. Haka kuma za su ce ka fara da mita 40, ni kuwa a Kumasi na fi son ka fara da mita 20. Da yamma manyan gidajen rediyo na mita 41 suna nan daf da 7.2, sukan danne ƙaramar risiba, ga ƙarar tsawar damina da ta fi yawa a ƙasa-ƙasa. Kuma eriyar mita 40 tsawonta mita ashirin ne, a wane gidan haya na zango za ka shimfiɗa ta? Ta mita 20 rabin haka ce. Kafin ka sayi komai, ka buɗe WebSDR ta jami'ar Twente ta Holan a wayarka, wato risibar da ake saurara ta intanet, ka je tsakanin 14.150 da 14.300 ka zaɓi USB, ka saba da yadda muryoyin suke. USB da LSB hanyoyi biyu ne na ɗora murya a kan sigina: sama da megahaz 10 da USB ake magana, ƙasa da haka da LSB.

Risibar da nake nufi ita ce mai juya sigina kai tsaye zuwa sauti. Ga yadda take. Eriya takan kwaso komai da komai, sai a tace da filta, kamar yadda mai koko take tace gasara a rariya, mita 20 kaɗai ta wuce. Daga nan ta shiga mahaɗi, inda za ta gamu da wata sigina da kai ka ƙirƙira a cikin akwatin. Abin da ke fitowa shi ne bambancin su biyun. In tasha tana kilohaz 14,051 taka tana 14,050, bambancin haz dubu ɗaya ne, wato fito da kunne yake ji. Sai ka ƙara masa ƙarfi ya shiga abin kunne. Iyakarta ke nan.

Mai kaɗa siginar shi ne yake wahalar da mutane a da. In da koyil da kafasita aka yi shi, zafin rana a ƙarƙashin rufin kwano ya isa ya sa tasha ta sulale ka yi ta binta da hannu. Yanzu akwai ɗan allo mai Si5351, ka haɗa shi da Arduino Nano da ƙaramin gilashi da abin murzawa, ya ba ka duk inda kake so ya tsaya cak. Akwai masu cewa wannan ba haɗin hannu ba ne. Ni ban ga laifinsa ba, aikin da ya rage ya ishe ka.

Mahaɗin dayod huɗu ne na 1N4148 da ƙananan tiransifoma biyu. Ka sayi dayod da yawa, ka auna su da maltimita, ka ware huɗun da awonsu ya fi kusa. Tiransifomar kuwa, ka murɗe sillin waya uku wuri ɗaya, ka naɗa su sau goma a zoben ferait mai lamba FT37-43. In ba ka samu ba, ɗan baƙin ferait mai huda biyu da ke cikin mahaɗin eriyar tsohuwar talabijin yana yi. Duk shigar waya ta cikin huda naɗi ɗaya ne, ko da ba ta zagayo ba. Kuma ka kankare fentin bakin wayar har jan ƙarfe ya fito fes kafin ka sa dalma. In sabon haɗi ya ƙi magana, nan nake fara dubawa, sau da yawa kuma ba na wuce nan.

Filtar gaba tana son zoben T50-6, naɗi 18, da kafasita wajen fikofarad 100, wani ɓangarensa mai murɗawa don ka daidaita. A nan ka buɗe ido. T50-6 ruwan ɗorawa ne, kuma in ka fasa akwatin wutar kwamfuta za ka ga zobba masu ruwan ɗorawa da fari a gefe ɗaya. Ba su ba ne. Waɗancan an yi su ne don tace wuta, a megahaz 14 cinye sigina suke yi. In zoben gaskiya ya gagara, ka yanko bututun roba na wayar gini mai faɗin milimita 20, ka naɗa waya sau takwas a tsawon santimita ɗaya. Matse naɗin yana saukar da inda filtar take, buɗa shi yana haurar da ita. Sauti kuma transista ɗaya BC547 a gaba, sai LM386, ɗan guntun ƙara sauti, a bayanta. Shi kaɗai yana ninka sauti sau 20, in ka sa kafasita mai maikurofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ya koma 200.

Kada ka yi wannan aiki a farin allon nan mai huji-huji da ake soka waya. Ka sami allon tagulla wanda ba a zana ba, ka bar fuskarsa gaba ɗaya ta zama ƙasa. Ka yanka 'yan gutsattsari daga wani allon, kowanne kamar rabin farce, ka manna su da sufagulu a inda ƙafafu za su haɗu. Duk ƙafar da za ta ƙasa ka lanƙwasa ta ka liƙa a allon nan take, gajeruwa. Ba ya da kyan gani, kai da ka saba da aikin waya mai tsabta zai yi maka wani iri, amma a wannan fanni ya fi aiki. Ka fara daga baya, wato sauti. Ka taɓa ƙafa ta 3 ta LM386 da bakin sukudireba, in ka ji gurnani a kunne ka wuce gaba. Kowane sashe ka gwada shi kafin ka ɗora na gaba.

Kaya kuwa, rizista da kafasita da transista da LM386 duk suna shagunan Adum da Kejetia, abin da ya ɓuya ka aika Zongo Lane a Ankara, babban birninmu. Bututun alminiyam da ƙarfen shanye zafi, Suame Magazine. Zobba da Si5351 ne za ka iya buƙatar yin oda. Sauran a bola suke. Tsohon rediyo yana da kafasita mai murɗawa, mataccen tiransifoma da injin fanka suna da wayar naɗi. Allon tsohuwar kwamfuta yakan zo da kiristal mai lamba 14.318, wanda ya faɗo cikin mita 20. Tsofaffin talabijin namu suna da mai 4.433, ka riƙa tara su, huɗu masu awo ɗaya suna yin filtar murya in ka kai matakin gaba. Amma talabijin mai ƙusumbi takan riƙe wuta bayan an zare ta, sai ka sauke cajin kafin ka sa hannu. Na'urar ɗumama abinci kuwa kada ma ka buɗe ta, kafasitarta tana aiki da wajen volt dubu biyu, kuma ta kashe masu gyara.

Da batir za ka kunna risibar, na UPS mai volt 12 ko na babur. Caja da adafta suna zuba ƙara. Dama babban abokin gabarka a zango ba rashin kuɗi ba ne, hayaniyar lantarki ce: cajojin waya masu araha, ƙwayayen LED, imbatar sola, kuma shagonka cike yake da su. Ranar da aka ɗauke wuta a unguwa ka kunna, za ka ji tashoshin da ba ka san suna nan ba. Mu kaɗai ne muke murna da dumso. Ka kai ta 14.074, za ka ji wasu fito-fito masu yawa suna tashi suna sauka duk daƙiƙa 15. Wannan FT8 ne, salon aika gajeren saƙo da kwamfuta, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017. Ka shigar da sautin cikin kwamfuta mai manhajar WSJT-X, ka daidaita agogonta sosai, lambobin kira za su jeru a gabanka daga ƙasashen da akwatinka ya jiyo. Da wannan za ka riƙa auna duk gyaran da ka yi.

Yanzu eriya, kuma a nan nake so ka kashe ƙarfinka. Matasa kullum tambayarsu wat nawa. Ka ninka ƙarfinka sau huɗu, a risibar wancan mutum allura mataki ɗaya kawai za ta motsa. Daga wat 5 zuwa wat 100 ɗan fiye da mataki biyu ne. Eriyar da aka ɗaga da kyau tana iya ba ka wannan, ta kuma ƙara maka ji, abin da amfilifaya ba ta yi. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba 143 da megahaz, ya ba ka tsawon waya a mita. Na 14.2 ya kama mita 10 da 'yan santimita, ka raba biyu, kowane hannu mita biyar da ɗan ɗoriya. Ka yanka da saura, ka riƙa naɗe bakin baya maimakon yankewa. Wayar wutar gida ta isa. Kebur ɗin dish na RG-6 mai om 75 yana yi sarai, kada wani ya sa ka kashe kuɗi a kan mai om 50, sai dai saƙarsa ta alminiyam ce ba ta kama dalma, ka yi amfani da kan F mai murɗawa. Daf da inda ya haɗu da eriya ka naɗe kebur ɗin kamar sau takwas a faɗin santimita goma, don kada sigina ta biyo bayansa ta shigo ɗaki.

Gora ɗaya doguwa a tsakiya ta wadatar, hannuwan biyu su gangaro gefe da gefe. Ka nisanta ta da rufin kwano iyakar iyawarka, in ta kai mita bakwai ko takwas daga ƙasa madalla, goma ya fi. Irin wannan eriya ta gefenta take ji, ba ta bakinta ba, Turai kuma tana arewa da mu, don haka wayar ta miƙe gabas da yamma. Ka auna da ido: in gorar ta faɗi ta kowace fuska, kada ta kai wayar lantarki. In hadari ya haɗo ka zare kebur ka fitar da bakinsa waje. Da hunturu ma busasshiyar iska takan tara caji a waya har ka ji tas-tas, rizista mai kilo-om 100 tsakanin hannuwan biyu tana zubar da shi. Kuma ka gaida mai gida ka yi masa bayani kafin ka kafa, ba bayan ya gani ba.

In lasisi ya fito, taransimita. Kafin ita ka haɗa eriyar ƙarya, wadda take shanye sigina ba ta cilla ta a iska: rizista ashirin masu kilo-om ɗaya, wat biyu-biyu, kafaɗa da kafaɗa, ƙafafun kowane gefe a haɗe wuri ɗaya, su ba ka om 50. Kada ka sa irin masu naɗin waya a ciki. Duk gwaji a kanta za ka yi. Ka sa dayod da kafasita a gefenta ka auna da maltimita, ka ninka volt ɗin da kansa ka raba da 100, wat ɗinka ke nan. Volt 22 da ɗan kai wat 5 ne. Wat biyar ɗin nan shi nake so ka tsaya a kai shekarar farko. Zanen da ya fi dacewa da mu shi ne BITX na Ashhar Farhan, mutumin Haidarabad ta Indiya, domin ya tsara shi ne don wanda kasuwarsu ba ta da kayan tsada, har da wosar famfo ya yi zoben naɗi. Ƙarshensa IRF510 ce, transistar da aka yi don kunna wuta da kashewa aka mai da ita ta rediyo. Kunnenta na ƙarfe a haɗe yake da wutar batir, sai ka sa takardar maika tsakaninta da jikin akwati. Ka murɗa abin daidaita ta daga sifili a hankali kana kallon mita, ta ɗan wuce kaɗan sai ta kwashi wuta ta ƙone. Jabunta kuma sun yi yawa, ka sayi fiye da ɗaya daga shaguna daban. Filtar ƙarshe ba a tsallake ta, don duk taransimita mai fita a 14 tana fitar da wani abu a 28 da 42 da sama. In ka sami hali ka sayi NanoVNA, da ita za ka ga filta da eriya a gilashi maimakon lalube.

Akwai abin da littafin waje ba zai faɗa maka ba. Wayar da ta tashi daga amfilifayar masallaci zuwa lasifikar saman hasumiya doguwa ce, kuma doguwar waya eriya ce. In eriyarka tana kusa, muryarka tana iya fitowa ta can a murguɗe, kamar ana magana a cikin tulu, liman yana tsakiyar karatu. Maganinsa zoben ferait a wayar lasifikar daf da amfilifaya, amma ka gwada da ladan a wani lokaci da ba na salla ba, tun kafin a zo nemanka.

Ranar da ka fara kira za ka ga amfanin 9G. Masu rediyon sha'awa a Gana ba su da yawa, Turawa kuma suna tara ƙasashe, sai ka ji sun yi maka caa a lokaci ɗaya, ƙaramin ƙarfinka bai hana su ƙoƙarin jinka ba. Ka haddace haruffan Alfa, Bravo, Charlie har ƙarshe, ka riƙe littafin da kake rubuta lambar kowa da lokaci da wurin da kuka haɗu. Duniya da agogon UTC take rubutawa, wanda shi ne agogon Gana, ba ka da lissafin da za ka yi. In ka dace da mai 5N ko 5U a mita 40 da yamma, ba abin da ya hana ku gaisawa da Hausa muddin kowa ya faɗi lambarsa.

Tunda kana aiki da ƙananan kaya, ga wani abu da za ka iya taɓawa tun yanzu. A Nuwamban 2018 aka harba tauraron ƙasar Katar mai suna Es'hail-2, yana ɗauke da sashen masu rediyon sha'awa da ake kira QO-100. A tsaye yake wuri ɗaya, digiri 25.9 gabas, yana haɗa daga gabashin Barazil har Tailan. Dish ɗin MultiTV da ke kan rufin gidajenmu yana kallon digiri 28.2 ne, wato maƙwabta ne, ɗan gyara kaɗan za ka yi. Yana saukowa a wajen megahaz 10,489.5 zuwa 10,490, kan da ke gaban dish na gida, wato LNB, kuma yana rage 9,750, sai ya fito maka tsakanin 739.5 da 740, inda RTL-SDR, 'yar ƙaramar risiba mai shiga kwamfuta, take kamawa. Ka nemi LNB irin mai PLL, tsohon samfurin yawo yake yi har murya ba ta tsayawa. Wutar volt 12 za ka tura masa ta cikin kebur ta hanyar ɗan koyil, ka tare ta da kafasita kada ta shiga RTL-SDR ɗin. Akwai siginar alama a kowane bakin filin da ba ta ɗaukewa, ita za ka fara nema kana juya dish a hankali, in ta fito a gilashi ka ɗaure noti.